Mundayen Tsohuwar Djougou

Ni dai tun da na fara neman tsohuwar azurfa ban yarda da kowa ba. Duk gidan da aka baza kaya a tsakar gida ana sayarwa, ko ma'aikaci ne aka yi wa canjin gari, ko magada ke rabuwa da tarkacen mamaci, sai ki gan ni a bayan babur, daga unguwar Ladjifarani har Banikanni a garinmu Parakou, ina tonon kwanuka. Karyayyen zobe, ɗan kunne wari ɗaya, tsinkakkiyar sarƙa. In kara musu maganaɗisu, in yar a siminti in saurari ƙararsu, sannan in kai wa maƙeri ya narka. An sha cusa mini dalma da sunan azurfa, na haƙura. Abin da nake tsoro guda ne: a ce da ni mai sayen kayan sata. Ranar da wannan suna ya kama ki, ba gidan da zai sake buɗe miki ƙofa a Parakou.

Wata Talata na je Djougou, wani gida da ake gwanjon kaya. Ina fitowa, wata matashiya daga gidan da ke kallonsa ta yafito ni. Ta ja ni bayan madafa, ta kwance bakin zani. Mundaye biyu, masu nauyi, aikin da. Na jarraba, azurfa ce tsantsa. Na taya, ko ciniki ba ta yi ba, sai waige take yi.

"Na wa ne?"

"Na gidanmu ne, Yaya."

Na saya, amma tun a mota zuciyata ta ƙi kwanciya. Haba! Mai abu ta sallama ba gardama? Kuma irin wannan ƙira, ai ko uwarta ba a haifa ba lokacin da aka yi ta. Kwana uku suna ƙarƙashin katifata, na kasa kai wa maƙeri. Rana ta huɗu na ce wallahi ba 'yar kowa da za ta ɓata mini suna, na koma.

Na iske tsohuwar gidan, surukarta, zaune a tabarma, idanunta sun yi fari fat. Ɗanta, mijin matashiyar, dillalin shanu ne, yana gefe yana shan koko. Da ina da hankali da na jira ya fita. Ina! Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na dire mundayen a gabanta.

"Inna, kin san waɗannan?"

Ta lalubo su, ta shafa. Ɗan nata ne ya zabura.

"Na Inna ne! Hajiya, a ina kika samo su?"

Na ce ya tambayi matarsa. Ta fito daga madafa da ludayi a hannu. Ta dubi tsohuwar sau ɗaya, ta sunkuyar da kai.

"Ni na ɗauka."

Abin da ya faɗa mata ba zan maimaita ba. Ya ce ta haɗa kayanta ta tafi gidan iyayenta a Onklou, kada la'asar ta same ta a nan. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, har wani daɗi na ji. Ai ga shi, zargina bai faɗi ƙasa ba.

Tsohuwar ta ce in kama ta, za ta taka mini. Muna shiga zaure ta damƙe hannuna, ta rage murya.

"'Yar nan, ni na aike ta. Idon nan nake so a yi mini aiki. Kasuwa ta juya wa yaron nan baya, in ya ji uwarsa ta sayar da azurfarta, ba zai ƙara ɗaga kai a gidan nan ba."

Na ce, "To ki faɗa masa mana, Inna!"

"Da wane baki? Bayan ya zage ta a gaban baƙuwa?"

Daga ciki muna jin ana jan akwati a siminti. Ni da nake taƙama ba a rufe mini baki, na tsaya ina kallon labulen zauren, taku uku tsakanina da shi. Ban ɗaga shi ba. Na gyara mayafi na nufi tasha.