Ledar da Na Sa wa Taswirar Baba

Ni dai har yau abin bai shige ni ba. Bature ya yi min bayani, Alhajina ya ƙara, wani ɗan Nijar mai karatun jami'a ma ya zaunar da ni ya warware min, amma kaina ya ƙi ɗauka. Bari in faɗa yadda aka yi, ko wani ya fi ni ƙwaƙwalwa.

A lokacin ina aiki a Dubai, a ofishin kago, wato masu aika kaya gida, na wani Alhaji ɗan unguwarmu a Al Rigga, ba a daɗe da buɗe jirgin ƙasan metro ba. Makaranta kuwa tun a aji huɗu na sakandare muka rabu da ita, ba faɗa ba zagi. Aikina naɗe kaya. 'Yan kasuwa su sayo takalma, waya, turare, jallabiya, su jibge mana, ni kuma in bi su sito a Ras Al Khor in naɗe da leda da salatif kafin a loda a kwantena. Alhaji doka ɗaya gare shi, kaya ba ya fita tsirara. Ko allura ce sai ta sha leda. Har abokaina suna cewa ranar da na yi aure sai na naɗe amaryar kafin a kai ta ɗaki.

Akwai wani tsoho ɗan Ghana, daga Zangon Kumasi, da ke gadi a wani dogon bene can hanyar bakin ruwa. A masallacin Juma'a muka saba, muka ɗaura wasan jika da kaka. Ni in ce masa Hausarsa ta sha miyar Asante har ta yi tsami, shi kuma ya ce wanda ya gaisa da ɗan Kano sai ya duba yatsunsa. Baba nake ce masa, shi ya ce min jika.

Wata Alhamis ya kira ni ɗakinsu a Karama, inda su takwas ke kwana a gado mai hawa biyu. Na same shi ba fara'a.

"Jika, kamfani sun ce ba za su sabunta min biza ba. Shekaru sun yi yawa. Saura wata biyu."

"To ai sai murna, Baba. Ka koma ka ci fufu ka huta."

"In huta a ina? Gidan da nake ginawa ya kai linta ya tsaya, ba rufi. Damina uku ke nan tana dukan bulo. In na koma haka, a ɗakin ƙanena zan sauka da matata, ni da wannan furfurar."

Sai ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ya fito da wani abu a naɗe cikin tsohon rawani. Warin goro da kafur ya tashi. Takarda ce, faɗinta ya kai rabin sallaya, launinta kamar shayin da aka manta a kofi. Ninki takwas, kowane ninki ya fara tsagewa, gefe ɗaya kuma kamar ɓera ya yi walima. Ga koguna, ga duwatsu, ga sunayen garuruwa da ƙananan baƙaƙe, ga wasu da'irori da aka zana da jan fensir.

Ya ce kakansa falke ne na goro, daga Kano ya tafi Gwanja bai dawo ba. Da Turawa suka fara rububin zinare a kudancin ƙasar, ya yi wa wani Bature mai awon ƙasa ja-gaba a daji. Zazzaɓi ya kori Baturen, da zai tafi ya bar masa wannan taswira. Daga kaka zuwa uba zuwa shi. Ya zo da ita Dubai ne kawai don kada yara su kunna risho da ita.

To a benen da yake gadi akwai wani Bature mai tara tsofaffin taswirori. Wata rana Baba ya taya shi sa firam-firam a lifta, ya ce ai shi ma yana da irinsu, ya nuna masa hotonta a waya. Wai Baturen ya cire tabarau ya mayar, ya ce a kawo masa ita ranar Asabar, in dai ita ce wadda yake zato, to gidan Baba ya samu rufi.

"Ni ina bakin aiki har Asabar da safe," in ji Baba. "Kai ka iya Turanci, ka iya ciniki, kuma shirya kaya aikinka ne. Ka tafi da ita, ka ga yadda za a kai wa mutum abu da mutunci."

Na karɓa na fito, ina tafe ina lissafin duniya. Abu biyu na hango, kuma a lokacin na ɗauka ba wanda ya kai ni wayo a duk Karama.

Na farko, ba wanda zai sayi tsumman takarda don Allah. Jan fensir ɗin nan shi ne maganar. A shekarun nan ko'ina ka zauna hirar zinaren Zamfara ake, wane ya tona rami ya sayi mota. Na ce wato Baturen nan zinare yake so ya je ya kwasa, ya sallame mu da kwanon rufi. Don haka kafin komai sai an yi fotokwafi mun ɓoye.

Na biyu, abin kunya ne a shiga gidan mutum da takarda a wannan hali. Mu a gida duk takardar da ke da daraja laminatin ake yi mata. Takardar haihuwata, ta gama firamare, ta filin babanmu, har katin rigakafi, duk innata ta sa an like su da leda, suna nan a ƙasan adaka kamar jiya aka yi su. Takardar da ba a sa wa leda ba ai ba a ɗauke ta da muhimmanci ba ke nan.

Na shiga shagon wani ɗan Indiya mai hoto da fotokwafi. Ya yi min kwafi a babban inji. Da na ce saura laminatin, ya ɗaga takardar da yatsa biyu ya girgiza kai irin tasu, wadda ba ka sanin i ce ko a'a.

"Tsohuwa ce sosai, oga. Ka tabbata?"

"Don tsohuwa ce ai na kawo ta. Yalla habibi, ina da aiki."

Ba ta shiga ledar ba, ta yi faɗi da kamar yatsa biyu. Na karɓi abin yankan na daidaita gefunan da kaina, na zubar da inda ɓera ya ci da wasu ƙananan rubuce-rubuce na can ƙasa da ko da tabarau ba za ka karanta ba. Inda ta tsage na bi bayan da salatif, layi a miƙe, aikin gwani. Ta shiga inji ta fito da zafinta, tana sheƙi kamar takardar jerin abinci a otal.

Ranar Asabar da safe na nuna wa Baba a ɗakin gadi. Ya juya ta, ya shafa, ya yi murmushi.

"Masha Allah. Tsohuwa ta koma budurwa."

Muka hau lifta. Gidan Baturen sanyi kamar firij, labule a rufe da rana tsaka, wai haske yana cinye takarda. Bango duk taswirori, kuma ba wadda ta kai tamu kyan gani, duk sun yi jawur kamar an tsamo su daga miya. Na taɓa Baba da gwiwar hannu na ce, "Mun fi su kaya." Baturen ya gaisa da mu da fara'a, ya je ya wanke hannu da sabulu, ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur. Na zaro tamu daga kwali na ajiye, har da ƙwanƙwasa ta da yatsa don ya ji ƙarfinta.

Baturen ya ɗauka. Ya duba, ya juya bayan ya ga salatif, ya jawo kujera ya zauna.

"Wa ya yi wannan?"

Na dafa ƙirji. "Ni ne, yallaɓai. Kuma ba sai ka biya kuɗin ledar ba."

"Yaushe?"

"Shekaranjiya."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya buɗe sai ya ce wa Baba ya yi haƙuri, ba zai iya saya ba, an lalata ta.

Ni kuwa dariya ta kusa kama ni, don na san wannan karatun tun a Kantin Kwari. Mai saye in ya ga abin da ransa ke so, kushewa yake farawa. Na ce wa Baba da Hausa, "Tashi mu tafi, kafin mu kai ƙofa zai kira mu." Muka kai ƙofa. Muka fita. Muka tsaya a bakin lifta, lifta ta zo ta buɗe ta rufe ta tafi. Ta sake dawowa. Baba ya dube ni.

"Jika, a Kwarin naku minti nawa ake yi kafin a kira mutum?"

Muka koma muka ƙwanƙwasa. Wannan karon na fito masa a mutum. Na ce mun san zinare yake nema, kuma leda ba ta rufe jan fensir ba, ga shi nan rangaɗaɗau, sai ya ɗauka ya tafi ya tona.

Ya ce zinaren wuraren nan an kwashe shi tun kafin a haifi Baba, wanda ya rage kuma yana hannun manyan kamfanoni. Ya sa yatsa a kan wani kogi ya ce wannan kogin ma ba nan yake ba, wanda ya zana ya yi kuskure. Daga baya an gyara, an buga sababbi da yawa. Wannan bugun farko ce, aka yi ta cikin gaggawa don masu rububin zinare, yawancinsu sun ruɓe a daji cikin aljihun masu su. Abin da ya sa ake nemanta ke nan.

"Tsaya, yallaɓai. Taswirar ba daidai take ba?"

"Ba daidai take ba."

"Kuma ba zinare?"

"Babu."

"Kuma da na kawo ta a yage da cin ɓera, da ka saya?"

"Da na saya yau."

"To kuskuren wancan Baturen kuɗi ne, gyaran da ni na yi kuma asara?"

Ya ce, "Haka ne."

Na ce to a ɓare ledar mana, aikin minti biyar ne, ina da reza. Ya ce zafi ya riga ya narkar da gam cikin takardar, in aka ɗaga leda da tawadar za ta taso. Ya ce kuma gefen ƙasa da aka yanke, a nan sunan maɗaba'a da shekarar bugu suke, yanzu ba ma yadda zai tabbatar ita ce.

A nan na tuna da makamina. Na zaro fotokwafin daga cikin riga, wanda na yi niyyar ɓoyewa, na ce ga gefen nan duk ya fito. Ya ɗauko gilashin ƙara girma ya duƙa a kai ya daɗe. Da ya ɗago sai na ga fuskarsa ta fi ɗazu lalacewa.

"Ita ce," ya ce.

Na ce alhamdu lillahi, sai a yi ciniki. Ya ce a'a, ita ce dai a da. Ya roƙi Baba ya bar masa kwafin ya ajiye don tarihi. Baba ya ce ya ɗauka, kyauta. Ya mayar da taswirarsa cikin kwali, ya yi wa mutumin godiya da ladabi, don gobe ma shi zai buɗe masa ƙofa.

Muka shiga lifta. Hawa ashirin da wani abu muna saukowa. Sai da muka kusa ƙasa Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ni ma ai na ce ta yi kyau."

Da na ba Alhaji labari ya yi dariya har ya riƙe ciki, yana cewa ai ya ce kaya, bai ce kayan tarihi ba. Da ya ji maganar rufi sai dariyar ta tsaya. Ya ba Baba wuri kyauta a kwantenar wani abokinsa mai kai kaya Ghana. Ni na naɗe masa kayan, fanka, katifa, tukunyar lantarki. Da na miƙa hannu zan ɗauki kwalin taswirar sai ya janye.

"Wannan ka gama da ita, jika. Khalas."

Ya tafi a kan lokacinsa. Kuɗin sallamar da kamfani ya ba shi ɗaki ɗaya suka rufe, nan yake kwana da matarsa, bai sauka a gidan ƙanensa ba. Falo da sauran ɗakuna biyu sama suke kallo.

Da damina ta kama ya kira ni, ina sito ina jan salatif, ina jin ruwa yana dukan kwano ta cikin wayar. Na gaishe shi a sanyaye, na tambayi gida.

"Gida lafiya. Na kafa ƙusa a falo na rataye taswirar."

"Baba, falon da ba rufi?"

"Shi. Kwana uku ana ruwa a kanta, ko ɗigo bai shiga ba. Duk gidan nan ita kaɗai ce aka yi wa rufi na ƙwarai."

Na kasa gane yabo ne ko zagi. Na tambaye shi, ya ce katinsa ya kusa ƙarewa, ya kashe.