Hannun Inna a Bayana

Ni ce ɗiyar fari a wurin Inna, kuma a ƙasarmu ta Kurfai wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, in ta ga dama "waccan". Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, goyo da wanka da kitso duk ita. Ƙannena su hau cinyar Inna su yi barci, ni kuwa ko ƙaya na taka sai ta kira wani ya cire. Kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Sai kuma na je na auri majon likitar garinmu, wato babban malamin asibitin, wanda duk mai ciwo ke zuwa wurinsa. Inna ta samu mutum na biyu da za ta riƙa ɓuya wa. In ta hango shi tafe, ko fura take sha sai ta kife ludayi.

Ana dab da shuka ciwon ƙugu ya ci ƙarfinta. Ta daina zuwa rijiya, tana tafiya a karkace tana dafa zana. Wanzami ya zo ya yi mata ƙaho. Ƙawarta ƴar bori ta ce iska ce ta zauna mata a kwankwaso, ta kawo turare. Duk wannan bai dame ni ba kamar ƙwayoyin da take aikawa a sayo mata a tiren masu talla ranar kasuwar Bonkuku. Ja da ɗorawa, tana watsa su baki kamar gyaɗa. Tuwo ya daina shiga, kullum hannunta a kan ciki. Maigidana ya ce irin waɗannan ƙwayoyi cin ciki suke, in ta ci gaba wata rana jini za ta yi amai. Amma ba za ta bari ba sai an ba ta abin da ya fi su, shi kuwa ba ya ba da magani bai san ciwon ba.

Na ce ta zo likita. Ta ce, "Ni? In kwaye ma surukina jiki? Gwamma in mutu." Na ce to mu tafi Filinge wurin wanda bai san ta ba. Ta ce girgizar hanya za ta ƙarasa ta. Mace ɗaya ce a likitar, mai karɓar haihuwa, ita ma ta tafi gida haihuwar kanta.

Da hantsi maigidana ya zo da kansa. Ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya durƙusa, idonsa a ƙasa.

"Inna, ina ne ke ciwo?"

Ta juya fuska ga bango ta ce, "A ce mishi lahiya lau nike."

Raina ya ɓaci. "Lahiya lau? Haba Inna! Jiya da rarrahe kika tahi bayan ɗaki!"

Ta harare ni. Shi kuwa mutumin nan ba shi da gaggawa, abin da ke ba ni haushi da shi ke nan a gida, ranar kuma ya yi amfani. Ya ce, "To Inna, kada ki gwada a jikinki. Ga wagga nan, ki gwada mini a nata."

Ya ce in juya mata baya, na juya. Na fara cewa a raina ba za ta yi ba, sai na ji babban yatsanta a gadon bayana, daidai ɗaurin zane. Ta ja shi ƙasa a hankali, ta kan ɗuwawu, ta bayan cinya, ta sha-raɓa, har gefen ƙafa.

Ya shiga tambaya. Zafi ne kamar wuta, ko suka, ko nauyi? In ta yi tari yana harbawa? Ƙafar tana mutuwa? Akwai zazzaɓi? Ita kuma tana ba ni amsa a ƙeya, "Ce mishi harbi ne," kamar ba ya ɗakin. Da aka zo maganar fitsari, ko yana kufce mata, ya fita waje ya bar ni na tambaya, na kai masa amsa cewa ba ya kufcewa.

Ya dawo ya ce, "Saura guda. Ki danna mata da ƙarhin da kike jin shi."

Ta danna. Wayyo Allah! Sai da na yi ƙara, hawaye suka zubo. Tsohuwar da ba ta cin tuwo, ban san inda ta samo wannan ƙarfi ba. Ta ce da ƙaramar murya, "Haka yake, tun sanyi."

Ya ce jijiya ce ƙashin baya ya matse. Ta bar ƙwayoyin tire yau yau, zai aiko da farasitamol da maganin ciki. Ta gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ta bar daka da jan guga, amma kada ta kwanta ta zama gawa, ta riƙa zagaya tsakar gida. In ta fara jan ƙafar, ko fitsari ya kufce, to Filinge ba shawara. Turaren kuwa bai ce komai a kansa ba. Ta bi maganarsa tana mita, kuma kafin maimai, wato noma na biyu, ta koma gonarta da sanda.

A ranar dai, ya sa takalmansa ya fita, ni ina tsaye yadda aka ajiye ni. Hannunta bai tashi ba. Ta buɗe tafin, tana murza wurin da ta danna a hankali.

"Na ji miki ciwo?"

Na ce a'a. Tuwon da na ɗora a tsakar gidanta na kan wuta, ina jin ƙaurinsa daga nan. Ban juya ba, don na san ina juyawa za ta ɗauke hannun.