Ta'aziyya Goma Sha Huɗu a Kan Yatsa Ɗaya

Duk wanda ya taɓa zuwa jana'iza a majami'ar unguwarsu Ifeyinwa a Kafanchan ya riƙe aikin hannunta, ko da bai san fuskarta ba. Ita ke haɗa ɗan littafin nan da ake rabawa a bakin ƙofa, mai hoton mamaci a bango, da tarihinsa, da tsarin sujada, da kalmomin ban kwana na iyali da abokai. Maman Uju ake ce mata. A kwatas ɗin reluwe aka haife ta, mahaifinta makanikin kan jirgi ne, kuma Hausa ta zauna mata a baki fiye da Ibo, har in ta je ƙauyensu can gabas sai an yi mata dariya. Shekara talatin da biyar ta yi tana buga tafireta a wata makarantar sakandare. Can ta samo halin da har yau bai sake ta ba: in ta gama buga takardar jarrabawa, sai ta yayyaga rubutun hannun malamin, ta ƙone shi a bayan ofis, ta tsaya a kai har ya zama toka. Ba a taɓa satar tambaya daga teburinta ba, kuma in ka zauna da ita minti goma sai ta gaya maka haka.

Da zamanin tafireta ya wuce, 'yarta Ujunwa da ke aikin nas a Jos ta aiko mata da tabilet, irin babbar wayar nan mai faɗin allo. Maman Uju ta karɓa, amma bisa sharaɗinta. Duk saƙon da aka turo mata, sai ta sake buga shi da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi. Ujunwa ta yi ta faman gaya mata cewa ana iya kwafar rubutu daga nan a manna shi can, ita kuwa ta ce wannan aikin malalata ne. Mace mai taurin kai ke nan, kuma ta san da haka, ba ta damu ba.

Sai Paulina Tagwai ta rasu, ana tsakiyar ruwan Agusta.

Paulina manomiyar citta ce a wajen Godogodo. A taron Zumuntar Mata ta majami'a suka haɗu da Maman Uju tun suna goyo, suka yi faɗa a kan tabarma, daga nan suka zama aminai. Duk ranar da Paulina ta kawo citta kasuwar Kafanchan, a gidan Maman Uju take cin abincin rana, ta kushe miyar, ta nemi ƙari. Saboda haka babu wanda ya tsaya tambayar wa zai haɗa littafin. An sa jana'iza ranar Asabar, mai buga takardu kuma ya ce in bai ga aikin ranar Alhamis da azahar ba, kada a ga laifinsa.

Ranar Litinin Maman Uju ta je gaisuwa. Mijin Paulina, Asher, dattijo ne da dama can ba shi da yawan magana, tun rasuwar kuwa sai ya zama kamar an kulle bakinsa. Fasto ne ya zauna ya lallashe shi ya faɗi abin da za a sa a shafinsa. Ya yi magana kusan minti goma, kansa a sunkuye, Maman Uju tana bugawa a wani farin shafi cikin tabilet. Da za ta tafi, babbar 'yarsu Tamar ta raka ta bakin titi ta ce, "Mama, tun da abin nan ya faru, yau ne kaɗai na ji ya haɗa magana biyu. Ki riƙe mana shi da kyau."

Ranar Talata Tamar ta turo sauran saƙonnin, guda goma sha uku: na 'ya'ya, na jikoki, na Zumuntar Mata, na ƙungiyar masu sayar da citta. Wani ma ya kai shafi biyu, kai ka ce takarar kujera marubucin yake yi. Ga hotuna tara. Maman Uju ta dubi tulin aikin, ta dubi gaɓar yatsanta da ta kumbura, ta yi tsaki, ta kira Jos.

"To, gaya mini aikin malalatan naku."

Ujunwa ta danne dariya. "Mama, ki ɗora yatsa a kan rubutun, kada ki ɗaga, har ya yi shuɗi. Ki ja har ƙarshe, ki taɓa inda aka ce a kwafa. Sai ki je shafin littafin, ki sake danne yatsa, ki taɓa inda aka ce a manna. Hoto ma haka ne."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Mama. Ana nemana, sai anjima."

Ta gwada da hoton Paulina sanye da zanin Zumunta, ya fito ras a bangon littafin. Abin ya burge ta, ko da yake ba za ta taɓa faɗa ba.

Ranar Laraba da safe ta share tebur, ta sa tabarau, ta tsara aikin yadda mai hankali yake tsarawa. Ai ba a zuwa kasuwa a sayo tumatir a kawo gida, a koma a sayo albasa. Ta fara da maganar Asher, ta kwafa. Ta kwafi ta Tamar. Ta bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya tana yi musu alama a takarda, har goma sha huɗu suka cika, na masu citta ne na ƙarshe. Sannan ta yi abin da hannunta ya saba tun tana budurwa: tunda ta kwashe, sai ta goge asalin. Maganar iyalin da ke makoki ba abin bari a watse ba ne, jikoki na ɗaukar tabilet ɗin su yi wasa. Ta goge tas.

Ta buɗe shafin littafin, ta danne yatsa, ta manna.

Layi uku suka fito: ƙungiyar masu sayar da citta tana jimamin rashin mambarta, Allah ya ba iyali haƙuri.

Ta ce to, wataƙila daga ƙarshe yake fara saukewa. Ta sake mannawa. Masu citta suka sake jimami. Ta manna sau shida, shafi ya cika da masu citta, zufa ta fara bin bayanta duk da ruwan da ake yi a waje. Ta kira Jos.

"Mama, abu ɗaya yake riƙewa. In kika kwafi na biyu, na farko ya tafi."

"Ya tafi ina?"

"Ya tafi kawai. Amma ba komai, ki koma kan asalin."

Maman Uju ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

"Mama? Kin goge? To duba kwandon shara, akwai inda yake ajiye abin da aka goge."

"Ni zan bar takarda a kwandon shara? Na zubar da shi tun ɗazu."

Wannan karon Ujunwa ba ta yi dariya ba.

Saƙo goma sha uku ba su da wuya, suna nan a wayar Tamar, kafin sha biyu ta sake turo su. Na Asher ne babu shi ko'ina a duniya. Da Tamar ta ji, sai da ta ja dogon numfashi. "Mama, don Allah kada a sake sa shi ya faɗa. Ko abinci ba ya ci. Ke kika ji abin da ya ce, ki rubuta yadda kika tuna. Ba zai gane ba, idonsa ma ba ya ganin ƙananan rubutu."

Gaskiya ne, kuma Maman Uju ta iya. Sau nawa ta rubuta wa mazajen da suka rasa ta cewa? Ta zauna ta buga: matata abar ƙaunata, mace mai tsoron Allah, uwa ga kowa, ta yi tseren ta gama. Ya yi kyau, babu kuskure ko ɗaya. Ta karanta sau biyu, sai ta ji kunya ta rufe ta. Wannan shafin zai dace da kowace mace da aka binne a Kafanchan tun zuwan jirgi. A ce ita ce za ta sa wa mijin Paulina magana a baki, ta sa sunansa a ƙasa, a karanta a gaban akwatin ƙawarta? Ita ta ɓatar, ita za ta je ta nemo, ko da zai kore ta. Ta goge abin da ta rubuta, ta naɗe tabilet a leda biyu, ta ɗauki lema ta nufi tasha.

Motar Godogodo ta ɓata fiye da awa ɗaya tana jiran cika. Sai wajen ƙarfe uku ta isa, zaninta ya jiƙe har gwiwa. Tamar ta gan ta, ta buɗe baki, Maman Uju ta ɗaga mata hannu ta wuce. Asher yana zaune a benci ƙarƙashin rumfar kwano, inda ta bar shi ranar Litinin, kwanon tuwo a rufe a gefensa.

"Baban Tamar, yaya haƙuri?"

"Da godiya, Maman Uju."

Ba ta yi kwana-kwana ba. "Maganar da ka ba ni ranar Litinin, na ɓatar da ita. Ba na'urar ba ce, ni ce. Na ɗauka na iya abin da ban iya ba. An ce in rubuta da kaina in sa sunanka, na ƙi. Ka yafe mini. In za ka iya sake faɗa, ga ni. In ba za ka iya ba, zan bar shafin fari da sunanka kawai."

Ya daɗe yana kallon ruwan da ke zuba daga bakin kwano. Har ta fara tunanin tashi, sai ya ce, "Me ma na ce?"

"Ka ce ta yi wa Ubangiji hidima. Ka ce ta riƙe gida. Ka gode wa ikkilisiya."

"To, ai Fasto yana zaune a lokacin." Ya shafa gwiwarsa. "Duka gaskiya ne. Amma ba shi nake gaya mata ba in na kwanta."

Maman Uju ta kwance ledar a hankali, ta buɗe farin shafi.

"Ki rubuta," ya ce. "Paulina. Shekara arba'in da huɗu muna zuwa gonar citta tare. Ni a gaba, ke a baya, kina faɗa wai ina sauri, wai in jira ki. Ban taɓa jira ba, don faɗan yana mini daɗi. Jiya na je gonar. Na yi tafiya a hankali, na tsaya sau uku. To yanzu wa ya yi sauri?" Ya ɗago kai ya dube ta. "Shi ke nan. Ki sa Asher."

Macen da ta yi shekaru tana gyara wa shugabannin makaranta wasiƙunsu ba ta taɓa ko kalma ɗaya ba. Ta ɗora yatsan nan mai kumburi a kan rubutun har ya yi shuɗi, ta ja shi zuwa ƙarshe, ta kwafa. Ba ta taɓa komai a tsakani ba, ko numfashi ba ta yi ba, ta tafi kai tsaye shafinsa ta manna. Ga shi nan, duka.

"Ya zauna?" ya tambaya.

"Ya zauna."

"Karanta mini in ji."

Ta gyara tabarau, ta fara da muryarta ta ofis. Tun ranar da aka yi mata waya da labarin rasuwar ba ta yi kuka ba, aiki ya hana ta. Ta wuce shekara arba'in da huɗu lafiya, ta wuce faɗan hanya. Da ta zo inda ya tsaya sau uku, sai muryar ta ƙi fita. Ta gwada, ta sake gwadawa, ta kife tabilet ɗin a cinya ta rufe fuska da gefen zani.

Asher ya jira ta. Da ya ga ba za ta iya ba, sai ya ƙarasa mata layin da kansa, a hankali, yana kallon hanyar gona.