Layuka Goma Sha Ɗaya da Suka Kori Lorraine

Shekara ashirin da biyu Lorraine Pelletier ta yi a masana'antar takarda ta garinmu a jihar Maine, kuma a yini ɗaya aka sallame ta. Ni ne Wendell, mai gyaran wayoyin ɗakin kwamfuta, a gabana aka yi komai. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi.

Da aikin huda katin da na'ura ke karantawa ta fara, ba digiri ba komai. Da aka kawo kwamfuta mai girman firiji biyu da za ta lura da babban injin takarda, Lorraine ta kwashi littattafan kwamfutar ta tafi da su gida. Kafin shekara ta zagayo, ita ke rubuta uwar manhajar da ke juya na'urar.

Ita wannan kwamfuta aiki ɗaya take iya yi a lokaci guda. Idan wata na'urar awo a jikin injin tana da labari, sai ta ƙwanƙwasa mata ta waya. Uwar manhaja ta ajiye abin da take yi, ta adana inda ta tsaya, ta rufe ƙofa ga sauran masu ƙwanƙwasawa, ta amsa wannan, ta buɗe ƙofar, sannan ta koma aikinta. Wanda ya ƙwanƙwasa sau biyu ƙofa na rufe, ɗaya ya bi iska. Shi ya sa Lorraine take da doka: a amsa a taƙaice, sauran aiki a bar shi sai an buɗe ƙofa. Da fensir take ƙirga lokacin da kowane layi zai ci, ta rubuta a gefen takarda.

"Ke dai akwai rowa," nakan ce mata. "Layi ɗaya ma sai kin yi ciniki?"

"Je ka ji da wayoyinka, sarkin surutu. Ranar da na yi kyauta, hannun wani zai biya."

A 1983 aka ɗauko Craig Dunmore, injiniya sabo fil daga jami'a. Manajanmu, Mista Haskell, ya ce yana son duk ƙwanƙwasawa ta fito a rubuce a kan firinta. Lorraine ta ce, "Yallaɓai, za a yi, amma ba a cikin amsar ba. Firintar nan tafiyar kunkuru take yi. Ba ni mako biyu." Craig ya yi murmushi ya ce aikin awa ɗaya ne.

A makon ne mahaifiyarta ta rasu, ta tafi Quebec jana'iza. Tana juya baya Craig ya cusa layukansa a tsakiyar amsar, daidai inda ƙofa take rufe. Ya miƙo mini faifan manhajar, ni kuma na ɗora shi a kan kwamfutar da hannuna. Al'adarmu, duk wanda ya taɓa rubutun wani sai ya sa haruffan sunansa a gefe. Craig bai sa ba. Sunan da ke saman shafi na Lorraine ne.

Ranar Alhamis da hantsi takarda ta tsinke a cikin injin. Na'urar da ke lura da tsinkewa ta ƙwanƙwasa, kwamfuta na can tana jiran firinta. Injin bai rage gudu ba, takarda ta naɗe, Armand Thibodeau mai kula da injin ya kai hannu, yatsu uku suka tafi.

Lorraine ta dawo ran Litinin da baƙaƙen kayan makoki ta tarar da zaman bincike. Kafin nan Craig ya zare layukansa tsaf. Ta rantse ba rubutunta ne ya yi aiki ranar ba. Haskell ya ce, "Sunan wa ke sama?" Sannan ya juyo gare ni: "Wendell, ka ga wani canji?"

'Ya'yana uku, kuma garin ba shi da wata masana'anta. Na ce ni wayoyi na sani. Tir da ni!

Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Aka sallami Lorraine, Craig ya zama shugaban sashe. Rubutun Lorraine kuwa ya ci gaba da juya injin shekara goma sha huɗu ba tangarɗa, sunanta kawai aka goge. Armand ya mutu bai sake gaishe ta ba.

Bara na same ta a kantin da take sayar da kofi da donat, gashi duk ya yi fari. Na daɗe ina juya kofina kafin na ce, "Lorraine, Craig ne ya yi ƙari a cikin amsar."

Ba ta ɗago ba, goge teburi kawai take yi. "Layi nawa?"

"Goma sha ɗaya."

Sai ta tsaya, ta dube ni.

"Ashe har ƙirgawa ka yi, Wendell."

Ta ɗauke kofin daga gabana, ban ko kurɓa ba, ta kira wanda ke bayana a layi.