Tokar da ban jira ta huce ba

Ga ta nan gare ku, ku da Allah ya ba karatu. Ku kasa kunne ga tsohuwa, don abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ne, kuma na daɗe ina riƙe da shi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena, Malam Lawali, malamin lakol, wato makarantar boko. Ni ce Rabi, yayarshi, uwa ɗaya uba ɗaya. Ban taɓa zama cikin aji ba. Ina faɗa ne, ɗiyata Sa'a tana rubutawa don a buga a jarida, kuma na ce da ita kada ta gyara mini magana ko ɗaya.

Garinmu ƙauye ne kudu da Cadawa. Gidan da aka kai ni aure an san shi da irin wake, fari mai baƙin hanci, wanda ke nuna da wuri. Uwar mijina ta karɓe shi daga hannun uwar mijinta, da ƙarfinta ya ragu ta damƙa mini. Kowace kaka sai in sussuke waken, in shanya, in cuɗe shi da toka don kada ƙwari su ci, in cika babban tulu, in liƙe bakin da laka. Gida tara ke ɗibar iri daga tulun nan. Kuma doka biyu aka ba ni tare da shi: ba a buɗe tulu sai ruwan shuka ya sauka, ba a ƙidaya iri, da tafin hannu ake aunawa. Ban tambayi dalili ba. Ba wanda ya taɓa tambaya.

A lokacin Lawali ke koyarwa a lakol ɗin garinmu. Karatun da muka sani shi ne malam ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi, wanda ya manta ya sha bulala. Shi kuwa Lawali sai ya kwashi yaran ya fita da su gindin gawo. Yau ya kafa kara a ƙasa ya sa su auna inuwarshi da safe da azahar. Gobe ya aje ruwa a tulu da ruwa a bokiti, ya ce su taɓa su ji wanne ya fi sanyi, sannan kowa ya faɗi abin da yake zato ya sa. In yaro ya ba shi amsa, tambayarshi ɗaya ce: "Ka gani, ko an faɗa maka?" Har manya suka ɗauka suna tsokanar juna da ita a bakin rijiya. Mutane na cewa ƙanen Rabi wasa yake da ƴaƴanmu. Ni ma na faɗa.

To, ga abin da ya faru. Wata kaka, ranar da zan cika tulu, aka aiko daga Gazawa cewa ƙanwar mijina na naƙuda, kuma motar ƴan kasuwa na shirin tashi. Tokar da na tanada ba ta isa ba. Sai na je murhun da aka yi dahuwar safe, na kwaso tashi. Na ji zafinta a tafin hannuna. Na ji shi sosai. Na ce a raina za ta huce a ciki. Na cuɗa, na liƙe, na bi mota.

Da bazara ta yi, ruwa saura kamar wata guda, Lawali ya ce kowane yaro ya kawo ƙwayar iri ashirin daga gidansu. Sa'a, wannan da ke rubutawa, tana da shekara goma sha ɗaya. Ta ɓantari lakar bakin tulu ta ɗiba, ban sani ba. Suka jera irin kowane gida a sakaina, suka rufe da jiƙaƙƙen tsumma, suna yayyafa ruwa safe da yamma. Kwana biyar suka buɗe. Na wasu gidaje sha bakwai sun tsiro, na wasu sha takwas. Na gidanmu biyu.

Bayan la'asar ya shigo, ya iske ni ina tsince hatsi. Ya gaishe ni, ya durƙusa kusa, ya rage murya.

"Yaya, irin nan kada ki raba shi bana."

Na ce, "Wa ya buɗe mini tulu?"

"Ni na sa yara su kawo, ban yi tunanin in tambaye ki ba. Wannan laifina ne. Amma cikin ashirin, biyu suka tsiro."

"Har ƙidayawa kuka yi?"

"Mun ƙidaya."

Ya roƙe ni in bar shi ya sa hannu cikin tulun. Ya ɗebo, ya buɗe tafinshi. Ga ɓarɓashin gawayi cikin tokar, ga fatar waken ta yi ja-ja. Ya ce, "Yaya, tokar nan ta huce kafin ki zuba?"

Na ce, "Lawali, ni na goya ka. Yau kai ne za ka koya mini toka?"

Bai yi fushi ba. Ya ce akwai sauran lokaci, shi da kanshi zai je kasuwar Cadawa ya nemo wa gidajen nan tara wani irin. Amma ni na san abin da hakan ke nufi. Dole sai na tsaya gaban uwar mijina na ce irin da ya ratsa hannun mata uku ya mutu a hannuna, don ina saurin mota. Na kasa. Na kwaɓa laka na sake liƙe tulun, na ce wa raina abin yara ne, ƙasa ba tsumma ba ce.

Ruwa ya sauka. Na buɗe, na raba wa gida tara da hannuna, kowace ta yi mini godiya. Aka shuka tsakanin hatsi. Kwana bakwai, kwana goma, ba abin da ya fito. Waɗanda suka tona ramin suka iske waken ya ruɓe. Kafin a nemo wani iri lokaci ya wuce, shekarar nan ba wake, ba harawar dabbobi. Uwar mijina ta yi kwana uku ba ta yi wa kowa magana ba.

Sai yara suka ba da labarin sakaina. Nan take gari ya samu amsarshi: an buɗe tulu kafin ruwa, an ƙidaya iri, albarka ta gudu. Wani maƙwabcinmu, Tanko, wanda gonarshi ta fi kowace asara, ya tara mutane ƙofar mai gari, aka kira Lawali. Ni ina bayan zana tare da mata, ina jin komai. Aka ce, kai ka sa aka buɗe? Ya ce ni ne. Aka ce, kai ka sa aka ƙidaya? Ya ce ni ne. Mai gari ya ce, "Malam, kana da sauran abin faɗa?"

Ya juyo ya dubi zanar. Ban san ko ya hango ni ta tsakanin ciyawar ba. Ya ce, "Babu."

Mutumin da bai taɓa barin yaro ya ɓoye abin da ya gani ba, shi ne ya ce babu.

Suka kai ƙara buro, ofishin masu kula da lakol, a Agiye. Wanda aka turo duba lakol ya iske yara a waje sun kewaye sakainu, ya ga littattafansu ba su cika da rubutu kamar na sauran garuruwa ba. Kafin kaka aka maida Lawali wani ƙauye can bayan Gidan Rumji. Ranar tafiyarshi na dafa mishi dambu na ƙulle a ƙwarya. Ya karɓa ya ce Allah ya saka. Ba mu ƙara tada maganar ba har ya bar duniya.

Amma ku ji sauran. Ƙwaya biyun nan da suka tsiro, ashe bai zubar ba. Ya dasa su bayan aji, ya kewaye da ƙaya, ya tafi da abin da suka haifa. Can ya yi ta shukawa yana tarawa. Shekara huɗu bayan haka ya aiko mini ƙwarya cike da farin wake mai baƙin hanci, ba saƙo ko ɗaya tare da ita. Gari ya ce Rabi ta dawo da iri. Mata suka zo mini barka. Na karɓi barkar.

Abin da ya sa na buɗe baki yau, bana ne. Na je Gazawa wurin Sa'a, don ita ma malama ta zama. Na iske an tara malamai, baƙi sun zo daga birni su nuna musu sabuwar hanyar koyarwa, an gayyaci iyaye su gani. Sa'a ta samo mini kujera. Da aka ɗage zanen da ke kan tebur, sai na ga farantai a jere, kowane da jiƙaƙƙen tsumma, ƙarƙashinsu wake ya tsiro. Baƙon na bayani: a bar yaro ya taɓa, a bar shi ya yi zato, a bar shi ya gwada, ya ƙidaya da kanshi. Aka yi tafi. Sabuwar hanya, in ji su.

Kusa da ni akwai wani tsoho da sanda, na duba, Tanko ne, yanzu yana zaune wurin ɗanshi a Gazawa. Ya karkato ya ce wa na gefenshi, "Ai wannan a garinmu aka fara shi. Malam Lawali namu, Allah ya jiƙanshi, shi ya kawo shi tun da daɗewa." Yana faɗa yana gyaɗa kai, kamar ba shi ya ja mutane zuwa Agiye ba. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna da wane baki. Tanko abin da ya yarda da shi ya bi. Ni na sani.

Tun ranar nake tambayar kaina, da Lawali na nan me zai ce? Ba na jin zai tsaya jin tafi. Zai je ya taɓa tsumman ya ji ko da danshi. Sannan zai tambaya, in baƙi sun tafi, farantan za su tsaya ko za su koma cikin kwali? Don a ajin da ke gefe na ji yara na amsawa da ƙarfi kamar dā. Jikana, ɗan Sa'a, ya karanta mini sunayen sassan iri da Faransanci, tiryan-tiryan ba tuntuɓe. Na miƙa mishi ƙwayar wake na ce ya nuna mini inda saiwa ke fitowa. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Kaka, ba a ba mu wannan ba." Ɗan manoma, jikan mai tulu.

Kuma ban ɗora wa lakol ita kaɗai ba. Mu ma a gida haka muka yi. Muna koya wa ɗiya aiki da hannu, ta gani ta yi, amma in ta ce me ya sa, sai mu ce haka ake yi. An hana ni ƙidaya, an hana ni buɗewa, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ƙwayar nan da rai a cikinta, zafi na kashe ta. Mu muna da hannu ba tambaya, lakol na da baki ba hannu. Lawali haɗa su ya so ya yi, muka kore shi.

Da na kawo nan a faɗa, Sa'a ta aje bik ɗin da take rubutu da shi. Ta ce, "Inna, ai na sani."

Na ce, "Kin san me?"

"Tokar. Bayan kin sake liƙe tulu, ni da Kawu muka raba iri mai kyau gida biyu, rabi a toka mai sanyi, rabi a mai zafi. Na mai zafi bai tsiro ba. Ya sa na yi alkawari. Ya ce abin da muka gani mun gani, amma faɗarshi ta Yaya ce."

Shekara ashirin da bakwai ɗiyar nan na cin tuwo da ni a ƙwarya ɗaya, tana sane. Ba ta sake ɗaukar bik ba sai da na ce ta ɗauka.

Uwar mijina ta rasu tana ganin Lawali ne ya kashe mata iri, ba ta ƙara amsa gaisuwarshi ba. Mijina ya bi ta, shi ma bai sani ba. Tanko na nan da sandarshi yana yabon wanda ya kora. Sa'a na koyarwa, ta ce ita sakaina take amfani da ita, don ba ta ƙarewa a gidan kowa. Farin waken na nan a gida tara da ma fiye, duk daga ƙwaya biyun nan. Lawali kuwa yana kwance a ƙauyen da aka tura shi, inda har yau, in ji su, manyan da ya koyar ba sa shuka sai sun jiƙa tsumma.

Ni ga ni, tulun na hannuna har yanzu. Na roƙi Sa'a, in jaridar nan ta fito, ta kai ta ƙofar mai gari ranar Juma'a bayan an sauko, ta karanta da ƙarfi, ni kuma in tsaya gaban zana ba bayanta ba. A wurin nan aka tambayi ƙanena ko yana da sauran abin faɗa, ya ce babu.

Akwai. Tokar ba ta huce ba, kuma ni na zuba ta.