Jatan Lande a Hannun Mai Kiwon Raguna

Asabar

Na bar unguwarmu Karantina, a Jidda, bayan sallar asuba. Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a Saudiyya, yana da gonar jatan lande a bakin teku, kudu da Jidda, kuma jatan landen sun fara mutuwa. Da ya tuna digirina na kiwon kifi ne, sai ya ce in je in gano dalili, in na dawo ma yi maganar iƙamata, takardar izinin zama, da ta kusa ƙarewa.

Direban motar abincin gonar, wani mutumin Chadi, ya ɗauke ni a Bab Makka. A shingen hanya ɗan sanda ya daɗe yana kallon iƙamar, ni kuma ina kallon takalmina.

Mun isa da hantsi. Mai kula da gonar shi ne Baba Ilu, dattijo daga Nijar, wanda ya shekara ashirin yana yi wa kafili kiwon ragunan layya, ba wanda ya taɓa ramewa. Wannan ce shaidarsa ta aiki. Kafin in ga kududdufi ko ɗaya sai da ya ɗura mini shinkafa da nama.

Lahadi

Ba na son yanke hukunci da gaggawa, amma ruwan ya yi kore shar, yana wari. Baba yana zuba abinci kamar mai ba rago dusa. Abin da ya ragu yana ruɓewa a ƙasa, yana cinye iskar da ke cikin ruwa. Injinan da ke kaɗa ruwan kuwa, kashe su yake da magariba. Na tambaya a hankali.

"Ɗana, dabbar da ba ta yi barci ba, ina za ta yi kitse?"

Na ce mai yiwuwa wasu masana suna da wani ra'ayin. Ya ce masanan su zo su ci abinci, ya ƙara mini nama.

Litinin

A hanyar dawowa na yi ta juya maganar. In na faɗi gaskiya, na ci amanar tuwon Baba, aminin kafili. In na ce zafi ne, sauran ma su mutu, iƙamar ta bi su.

A ofis na fara da zafin rana da gishirin ruwa, na ce duk ba za a rasa hannunsu ba. Kafili ya ce yalla, in daina kewaye-kewaye. Na runtse ido na ce wataƙila, Allahu a'alamu, abincin ya yi yawa, injinan kuma a bar su su kwana suna aiki.

Har na fara tunanin jirgin da zai mayar da ni Kano. Sannan kafili ya ce Ilu ba ya iya ganin mai rai bai ciyar da shi ba, korarsa kuma ba ta taso ba.

"Kai za ka koma can ka riƙe kududdufan. Shi kuma ya ciyar da kai. Halas, magana ta ƙare."

Na iso gida da la'asar da alƙawarin iƙama. Na gode wa Allah, na gode wa direba. Uwargida ta ce ai har kumatuna sun fara fitowa.