Afiniki da Jakar Numfashi

Afiniki Kumai ta rasu, ƙawata tun muna 'yan mata muna ɗiban ruwa a rafi ɗaya. Ba ta yi karatu mai zurfi ba. Da shara ta fara a ɗakin shan magani na mishan a ƙauyenmu, gabas da Kafanchan, har ta koyi allura da ɗaurin ciwo, wurin ya koma hannunta.

Cikin kayan aikinta akwai wata baƙar jakar roba. In numfashin mutum ya tsaya, akan kifa masa bakinta a hanci da baki, a matsa, iska ta shiga ƙirjinsa.

Da daminar 1976 maciji ya sari wani manomi, Tagwai, a gonar citta. Kafin a kawo shi, ƙirjinsa ya daina ɗagawa. Mata suka fasa kuka, dattijon coci ya nufi ƙararrawa. A wurinmu, in an buga ƙararrawar mutuwa, magana ta ƙare, sai haƙa kabari.

Afiniki ta ɗaga kunnenta daga ƙirjin Tagwai. "Baba, kada ka taɓa igiyar nan! Zuciyarsa na bugawa."

"'Yata, mutumin da ba ya numfashi?"

"Ni zan yi masa."

Aka sa shi a bayan motar ɗaukar citta, matan suka hau tare da shi, aka kama hanyar asibitin Kafanchan, ga laka. Afiniki na durƙushe tana matsa jakar har yatsunta suka ƙage. Sai ta jawo hannun Martina, matar Tagwai.

"Ke, kukan ya isa. Matsa nan."

Martina ta hau matsawa da sauri.

"Kai, Martina, ba dakan acca ba ne! A hankali. Ku ɗauko waƙar jana'iza, ita ce muke ja. Kowane layi, matsi ɗaya."

Haka matan suka rera, suna karɓar jakar hannu da hannu, Afiniki na riƙe da haɓarsa, idonta a kan ƙirjin. Mutanen bakin hanya suka riƙa cire hula, suna zaton gawa ce.

A asibiti ma, bayan an yi masa allura, Afiniki ta ƙi sakin jakar. Da la'asar ƙirjin Tagwai ya ɗaga da kansa. Ta tsaya tana kallo, ya sake ɗagawa.

Aka miƙo mata ruwa, hannunta ya kasa riƙe kofin. Martina ce ta kai mata baki.